Kuromosom ɗaya ya yi yawa: nazarin lamarin wani jariri a Tudun Wadar Kaduna

Matar tana da shekara 41 lokacin da ta haife shi, a cikin 2024. Cikinta na takwas ke nan: 'ya'ya shida a raye, sai ɓari ɗaya da ta yi shekara biyu kafin nan. Maigidanta mai walda ne a Panteka, suna zaune a Tudun Wada gida ɗaya da mahaifiyarsa. Ta yi awo kamar yadda ta saba, an yi mata hoton ciki yana wata bakwai aka ce yaro na kwance daidai, haihuwar ma ba ta zo da gardama ba. Namiji ne, nauyinsa ya ɗan gaza na yayyensa. Ni 'yar ƙanen mahaifinta ce, ina koyar da bayoloji a wata sakandare a nan Kaduna, kuma da yardarta da ta mijinta nake rubuta wannan, ba tare da na kama sunan kowa ba.

Tun kafin suna matan gida suka fara kallon-kallo. Yaron ba ya kama nono da ƙarfi, ya ɗan tsotsa sai barci ya kwashe shi. In an ɗauke shi sai jikinsa ya saki, kai ya langaɓe, hannuwa su zube. Idanunsa sun ɗan ɗage ta gefe, karan hancinsa a kwance, harshe na yawan leƙowa, ga tattarar fata a ƙeya. Tsohuwar da ke yi musu wankan jego ce ta buɗe tafin hannunsa ta nuna wa kakarsa: zane ɗaya ne ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, maimakon biyun da aka saba gani. Tsakanin babban yatsan ƙafarsa da mai bi masa kuma akwai tazara.

Hajiya, uwar mijin, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Aka shiga tone-tone. Aka tuna da tsohon ciki matar ta taɓa dawowa daga gidan biki a Kabala bayan an kira magariba, ta gefen kogi. Aka tuna allurar tazarar haihuwa da ta yi ta karɓa bayan yaro na shida. Wata maƙwabciya ta yi raɗar "ɗan ruwa", maganar da ba a yi a gaban mai jego amma ba ta taɓa kasa isa kunnenta. Aka fara hayaƙi, aka karɓo rubutu.

A wurin rigakafin sati shida wata ma'aikaciyar lafiya ta dubi yaron, ta buɗe tafin hannunsa, ta tambayi uwar shekarunta. Da ta ji, sai ta ce, a gaban layin mata da ƙanwar miji da ta yi rakiya: "Larurar Down ce. Shekarunki ne, ƙwanki ya tsufa." Ta rubuta musu takardar ganin likitan yara. Abin da ta hango daidai ne, turawar ma daidai ce. Amma kafin magariba maganar ta riga su isa gida da wata kama: asibiti ma sun ce daga ita ne.

Daga nan aka bar zancen aljanu aka koma zancen tsufa, wanda ya fi ciwo domin shi da hatimin asibiti ya zo. Hajiya ta fara kawo wa ɗanta maganar ƙarin aure a fakaice. Mai jego ta daina fitowa tsakar gida sai dole. Takardar ganin likita kuwa ta shige ƙarƙashin katifa ta yi kusan wata uku a can, domin a ganin kowa an riga an san dalili, me kuma za a je nema?

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganar ma'aikaciyar nan an gutsuro ta ne daga tsakiyar wani dogon labari, kuma duk wanda ya ji shi daga farko bakinsa ba zai iya ɗora wa matar nan laifi ba. Labarin rabuwar ƙwayoyin haihuwa ne, mayosis, wanda ɗalibaina ke haddace matakansa don WAEC da NECO su manta kafin sakamako ya fito.

Lissafin 46

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato dunƙulallun zaren DNA da bayanan gado ke jikinsu. Biyu-biyu suke, jeri 23, a kowane jeri wari ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. An ba su lamba daga 1 zuwa 22, kusan gwargwadon girmansu, jeri na ƙarshe kuma shi ke tantance jinsi, XX ga mace, XY ga namiji. Wannan ƙidaya ba ta wani daɗe ba. Sama da shekara 30 littattafai na cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a birnin Lund na Suwidin suka samu 46. A 1959 kuma Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin a Faris suka duba ƙwayoyin yara masu siffofin da likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana tun 1866, suka tarar da 47. Kuromosom na 21 ne ya zo uku maimakon biyu.

Daga ina na ukun ya fito? Sai an fara amsa tambayar da ta gabace ta. In ƙwan mace ya zo da 46, ƙwayar maniyyi ta zo da 46, ɗa zai tashi da 92, jika da 184. Tun da haka ba ta faruwa, lallai akwai inda ake raba adadin biyu kafin a haɗu. Edouard van Beneden ɗan Beljiyam ya ga hakan a 1883 a ƙwan tsutsar cikin doki: ƙwai da maniyyi kowanne rabi yake kawowa. Sauran ƙwayoyin jiki, na fata da hanji da ɓargo, in za su hayayyafa kwafi suke yi su rabu sau ɗaya, 46 ta haifi 46, shi ne maitosis. A gidan ƙwan mace da marainan namiji kaɗai ake mayosis, inda ake kwafi sau ɗaya, a rabu sau biyu, a ƙare da 23.

Rabon kuma ba na kan mai uwa da wabi ba ne, dole a samu ɗaya daga kowane jeri. Wanda ya taɓa ganin an kwance dilar takalman gwanjo a Kasuwar Barci ya san dabarar: kowane wari a ɗaure yake da ɗan'uwansa da igiya, don kada su ɓace wa juna a cikin tari. Ƙwayar halitta ma haka take yi. Sai ta nemo wa kowane kuromosom warinsa ta ɗaure su, in lokacin rabo ya yi ta kwance, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. In ɗaurin ya tsinke tun da wuri, kowanne zai bi inda ya faɗa, kuma ba wuya su biyun su faɗa gefe ɗaya.

Ƙwan da ya fara rabuwa a zamanin Shagari

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai in na faɗa musu shi ne lokacin da aka yi wannan ɗaurin. Ƙwan da ya zama wannan jariri ya fara mayosis a wajajen 1983, Shagari na kan mulki, ita kanta matar ba a haife ta ba. 'Ya mace tun tana tayi na wata uku zuwa huɗu ƙwayayenta suke fara wannan aiki.

Da farko kowane kuromosom ya yi kwafin kansa, ya zama tagwayen zare, manne da juna daga sama har ƙasa da wasu zobban furotin da ake kira kohesin. Sai matakin farko na mayosis, furofes na ɗaya, ya fara, matakin da ya fi kowanne tsawo da yawan aiki. Zaren ya tattare ya yi kauri. Kowane kuromosom ya lalubo warinsa: na 21 da ta gada daga mahaifinta ya samu na 21 da ta gada daga mahaifiyarta, suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka haɗe tsaf. A nan ake musaya. Zaren ya karye a wuri ɗaya a jikin kowannensu, aka sake haɗa su a gicciye, guntun na uba ya koma jikin na uwa, na uwa ya koma jikin na uba. Wurin da suka gitta shi ake kira kayazma. A aji mukan koyar da musayar nan a matsayin dalilin da ya sa 'yan ɗaki ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya, kuma haka ne. Amma tana da aiki na biyu da littattafan sakandare ba su cika kulawa da shi ba: kayazma, tare da zobban kohesin da ke kusa da ita, ita ce ke riƙe wari da warinsa. Jerin da bai samu ko musaya ɗaya ba, ba abin da ke riƙe da shi. Na 21 kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuromosom ɗin mutum. Sau da yawa musaya ɗaya tak yake samu, wani lokaci ma ba ya samu, ko ta faɗo can kusa da baki inda riƙon ba shi da ƙarfi. Binciken da aka yi a kan iyalai ya nuna kaso mai yawa na ƙwayayen da suka yi kuskure a na 21 ba su samu musayar ba tun asali. Tun ran gini tun ran zane.

Daga nan sai komai ya tsaya. Kafin a haifi yarinya, ƙwayayenta sun kai wani sashe na furofes da ake kira difulotin sun tsaya cak. Tana tayi na wata biyar yawansu ya kai miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwarta saura miliyan 1 zuwa 2, da ta balaga saura kamar 300,000 zuwa 400,000, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta kuma ba za su wuce 400 zuwa 500 ba. Kowanne yana jiran layinsa a ɗaure. Ƙwan da ya zama 'yarta ta fari shekara 22 ya jira. Wannan ya jira 40. Ta yi firamare, ta yi aure, ta yi goyo shida, ƙwan nan na nan a furofes. Binciken da aka yi a kan ɓeraye, wanda abin da aka gani a ƙwan mutane ya yi daidai da shi, ya nuna zobban kohesin da aka ɗora tun a ciki ba a sabunta su, raguwa kawai suke yi da shekaru. Abin da ma'aikaciyar nan ta dunƙule ta kira tsufan ƙwai ke nan, kuma babu macen da ke da hannu a cikinsa.

A watan da ta ɗauki cikin, ana saura kamar kwana ɗaya da rabi ƙwan ya fito, sinadarin LH ya taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ya tashe shi. Aikin da ya tsaya shekara 40 sai ya ci gaba cikin sa'o'i. Fatar da ta lulluɓe cibiyar ƙwayar ta narke, wasu siraran zaruruwa suka miƙo daga ɓangarori biyu suka kama kuromosom ɗin. A mataki na gaba, metafes na ɗaya, jeri 23 suka yi sahu a tsakiya, kowane wari na fuskantar nasa gefen. Ko na uwa ne zai kalli gabas ko na uba, kowane jeri da yadda ya faɗo, shi ya sa daga wannan kaɗai mace ɗaya za ta iya fitar da ƙwai iri 8,388,608, ban da abin da musaya ta ƙara. Zaruruwa na ja, ɗauri na riƙewa, kuma wannan ja-in-ja ne ke shaida wa ƙwayar cewa kowa ya kamu daidai. A matakin rabuwa, anafes na ɗaya, aka yanke zobban da ke hannuwan kuromosom aka bar na ƙugu, wato wurin da tagwayen zaren suka tsuke, wari ya rabu da warinsa, tagwayen zare kuwa suna nan a manne. A matakin ƙarshe na wannan zagaye, telofes, ƙwayar ta tsage biyu, rabon da ba a yi adalci ba: ƙwai ya riƙe kusan duk ruwa da abinci, ɗaya rabin kuromosom ɗin aka tura shi cikin wani ɗan ƙullutu a gefe, wanda daga baya zai lalace.

A zagaye na biyu ba a sake kwafi. Kuromosom 23, kowanne da tagwayen zarensa, suka sake yin sahu a metafes na biyu, ƙwan ya sake tsayawa. A haka yake fitowa ya shiga bututun mahaifa, ba shi da lokacin da ya wuce sa'a 12 zuwa 24. In maniyyi bai zo ba, shi ke nan, mayosis bai ko kammala ba. In ya zo ya shiga, sai a yanke zobban ƙugu, tagwaye su rabu a anafes na biyu, a fitar da ƙullutu na biyu. Sai a lokacin ƙwai ke da 23 cif, su haɗu da 23 na uba.

In wari biyu na 21 suka bi gefe ɗaya a zagayen farko, ko tagwayen suka ƙi rabuwa a na biyu, ko suka saki juna lokaci bai yi ba, ƙwai zai ƙare da 24. A haɗa da 23 na uba, 47 ke nan, kuma duk ƙwayar da za ta fito daga wannan ta farko za ta kwafi lissafin yadda ta same shi. A cikin yara goma masu larurar, kusan tara ƙarin daga ƙwai yake, mafi yawa a zagayen farko. Ragowar daga maniyyi ne, ko daga kuskuren rabuwa bayan ciki ya shiga. Shi namiji ba ya wannan dogon jira. Daga balaga har tsufa sababbin ƙwayoyi ke shiga mayosis kullum, kowace ta ba da maniyyi huɗu, aikin duka bai wuce wata biyu da rabi ba. Shi ya sa kuskuren ƙidaya ya yi ƙaranci a wajensa, amma yana faruwa.

A lura da lokaci. An rufe wannan lissafi tun matar ba ta yi ɓatan wata ba. Dawowar magariba ta gefen kogi ta zo ne bayan watanni, kuma ba abin da mai ciki za ta ci, ko ta gani, ko ta tsallaka, da zai ƙara wa yaro kuromosom ko ya rage. Allurar tazara kuwa, Down ya bayyana yaran nan kusan shekara 100 kafin a fara yi wa mata ita. Kuskuren ma ba na 21 kaɗai yake samu ba, kowane jeri yana samu, sai dai yawancinsu ciki ba ya zama da su. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga matsalar kuromosom yake, kuma a cikin kuromosom ɗin da ke zuwa uku maimakon biyu a irin wannan ɓari, na 16 ne ya fi yawa. Na 21, saboda ƙanƙantarsa da ƙarancin bayanan da ke kansa, jiki na iya ɗaukar ƙarinsa a rayu. Matan da aka tsangwama kan ɓari, aka ce daka ne ko ɗaukar bokitin ruwa, da yawansu abin da ya same su ke nan.

A tsakar gida

Ba da waɗannan sunaye na je wa Hajiya ba. Na same ta bayan la'asar tana tsintar wake a faifai, na gaishe ta, na ɗauko zancen a hankali. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce: "To Malama, ni autana na haife shi na ba arba'in baya. Ga shi can yana jan tirela zuwa Legas. Nawa ƙwan bai tsufa ba?"

Tambaya ce ta mai hankali, amsarta kuma na cikin alƙaluma. Mace mai shekara 25, yiwuwar ta haifi ɗa mai larurar kamar 1 ne cikin 1,200. A 35 kamar 1 cikin 350, a 40 kamar 1 cikin 100, a 45 kamar 1 cikin 30. Hawan ba a musunsa. Amma in aka tara masu haihuwa 100 'yan shekara 40, kimanin 99 za su koma gida da yaran da ba su da larurar. Na ce: "Hajiya, ku kuna cikin casa'in da taran nan, Yaya ce ta zama ɗayar. Ba abin da kuka yi da ita ba ta yi ba." Na gaya mata 'yan shekara 20 ma na haifa, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin wani bincike da aka yi a Ibadan aka buga a 1982 ya samu 1 cikin haihuwa 865. Ta ajiye faifan ta ce: "Wato tun tana cikin uwarta?" Na ce tun tana ciki. Ta ce, "Ikon Allah." Hayaƙin bai tsaya a ranar ba, amma ba a sake jin "ƙwanta ya tsufa" daga bakinta ba.

Maigidan tasa tambayar daban ce. "Ƙanwata, an fa taɓa gwada mu, ni AA ita AA. Ta ina kuma wannan ya ɓullo?" Mutane da yawa a garin nan sun ɗauka takardar jinotaif da ake nema kafin ɗaurin aure ta share duk wata larura da ake haihuwar yaro da ita. Sikila canji ce a harafi ɗaya na bayanin da ke kan kuromosom na 11. Iyaye na ɗauke da ita, mayosis ya yi aikinsa daidai ya miƙa wa ɗa abin da ya tarar. A nan kuwa babu abin da ya lalace a jikin na 21, dukkan ukun lafiyarsu ƙalau, yawa kawai suka yi, kuma gwajin jinotaif ba ya ƙirga kuromosom.

Watanni ukun da takarda ta yi a ƙarƙashin katifa su suka fi tsaya min a rai. Yaron na wata huɗu yana jiƙewa da gumi in yana shan nono, numfashi sama-sama, nauyi ya ƙi ƙaruwa. Kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haihuwarsu, shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi wa kowannensu hoton zuciya tun makonnin farko, ko da likita ya saurara bai ji komai ba. Da aka ciro takardar aka je, hoton ya nuna huji a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya, jini na kwarara zuwa huhu fiye da kima. A irinsu jijiyoyin huhu kan yi saurin taurarewa, in aka yi sakaci lokacin da tiyata za ta yi amfani sai ya wuce. Aka ɗora shi kan maganin rage ruwa, aka sa musu ranakun dawowa, aka gwada sinadarin tayirod wanda ƙarancinsa ke ƙara dakushe girma da ƙwaƙwalwa alhali ƙwaya ɗaya a rana na maganinsa, aka duba jinsa, aka tura su sashen gashi inda aka koya wa uwar yadda za ta riƙa motsa shi wuya da baya su yi ƙwari. A Amurka, a waccan shekara ta 1983, matsakaicin shekarun da mai larurar ke yi a duniya 25 ne, yau ya kai kusan 60. Kuromosom ɗin na nan uku yadda yake, aikin zuciya da maganin cututtuka da kulawa ne suka kawo bambancin.

Na san irin layin da ma'aikatan rigakafi ke fama da shi, mutum ɗaya da mata fiye da yadda benci zai ɗauka. Duk da haka, da ta ja uwar gefe ta ce "a kai shi a duba zuciyarsa cikin satin nan", ta bar zancen shekaru sai an zauna, da minti ɗaya ya ishe ta, da kuma saƙon da ya isa gida ya zama na gaggawa maimakon na tuhuma.

Gwajin ƙirga kuromosom shi ya zo a ƙarshe, kuma ba don yaron aka yi shi ba, likita ya riga ya gamsu da abin da idonsa ya gani. Babbar 'yarsu ce, mai shekara 19, aka kawo kuɗin gaisuwarta daga wani gida a Zariya, sai ga saƙo ta bayan fage: sun ji labarin jaririn, suna so su sani ko abin na bin dangi. Uwar ta yi kuka da ta ji, amma tambayar tana kan hanya, kuma ido ba ya amsa ta. A cikin masu larurar 100, kimanin 95 na 21 ɗinsu uku ne kowanne a ware, kuskuren ƙwai ɗaya ko maniyyi ɗaya wanda ba a gadonsa. Kamar 1 zuwa 2 wasu ƙwayoyin jikinsu ne ke da 47 wasu 46. Ragowar 3 zuwa 4 kuwa ƙarin a manne yake da wani kuromosom, galibi na 14, har in an ƙirga a samu 46. A wasu daga cikin waɗannan, uwa ko uba ne ke ɗauke da mannen, lafiya ƙalau, da kuromosom 45, kuma yana iya ratsawa zuwa 'ya'yan da ba su nuna komai ba, ya ɓullo a jikoki. Da wannan ne, da sai an gwada iyayen da yayyen duka.

Maigidan ya kwashi adashinsa ya biya, aka ɗebi jinin yaron a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa aka aika. Bayan makonni takarda ta dawo da layi ɗaya: 47,XY,+21. Kuromosom 47, namiji, ƙarin na 21 a ware. Yayyensa ba su ɗauke da komai, 'yar da za a aurar matsayinta ɗaya da kowace budurwa mai shekarunta. Takardar ba ta faɗin ko daga ƙwai ƙarin ya zo ko daga maniyyi, irin wannan gwaji ba ya duba hakan, kuma na tabbatar maigidan ya ji wannan da kunnensa. Ita uwar, in ta sake ɗaukar ciki, likita ya ce yiwuwar maimaituwa kamar 1 ne cikin 100, ko abin da shekarunta suka nuna in ya fi haka, kuma akwai hoton ciki tsakanin sati 11 zuwa 14 da gwajin jinin uwa daga sati 10 da ke nuna alama tun da wuri. Su biyun suka yi shawara ta koma kan allurarta.

Maigidan da wansa suka kai kwafin takardar Zariya, wani ɗan'uwan angon da ke aikin asibiti ya karanta musu, aka sa rana bayan babbar Sallah. Yaron yanzu ya fara zama in an tokare shi da filo, likita ya ce tafiya kan kai su shekara biyu ko fiye, kada a ƙosa. Zancen da ake yi a gidan ya koma na hoton zuciya na gaba, wanda zai nuna ko hujin na raguwa ko sai an yi aiki, da inda kuɗin aikin zai fito in ta kama.